Gwadon da Ya Dawo da Wuri

Da sunan Allah nake ɗaukar alƙalami, Shi da ke juya sanyi da zafi ba tare da neman shawarar kowa ba. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ku 'ya'yana, da jikokin da suka iya karatu, kun daɗe kuna tambayata abin da ya sa duk shekara, a tsakiyar bazara, lokacin da kaji ke buɗe baki saboda zafi, nake fito da tsohon gwadon babanku in shanya shi a igiya tun safe har la'asar. Nakan ce muku saboda asu ne. To, ba asu ba ne. Kun kuma taso kuna jin cewa iskokin duwatsun Azbin ne suka taɓa babanku suka bar masa tarin da kuka san shi da shi. Kakarku Inna, mahaifiyar babanku, ita ce ta fara faɗar haka, unguwa ta ɗauka, ni kuma na yi shiru. Yanzu idona ya soma yin abin da na mahaifina ya yi, ina so in rubuta muku yadda abin ya kasance tun ina iya ganin baƙi a kan fari.

Ku kun san babanku zaune. Kun san shi a bakin zaure da kaba a cinya yana saƙa malfa, yana tsayawa ya yi tari, ya goge ido, ya ci gaba. Ni na san shi a tsaye. Ko a takarda ba zan kama sunansa ba, amma Dogo ake ce masa, kuma a cikin fataken Illela na wancan zamani babu wanda ke tafiyar ƙasa kamarsa. Da an gama kaka yakan ɗaure wa jakinsa turkuɗi da goro, shi kuma ya bi shi da ƙafa, ya ratsa Ƙonni, ya wuce Tawa, ya yi ta arewa har Agadas, daga can ya hau ƙauyukan cikin duwatsu ya karɓo dabino. Ba ya dawowa sai hadari ya fara haɗuwa a gabas. Bai taɓa hawa dabba ba. Yakan ce wanda ya hau raƙumi bai je ko'ina ba, kai shi aka yi. In ya dawo, a tafin ƙafarsa nake ganin hanyar, don ya yi kauri ya tsattsage, in shafa masa man shanu yana ba ni labarin rijiyoyi ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, da ɗanɗanon ruwan kowace. Ni da ban taɓa wuce tafkin Kalmalo ba, na san wadda ruwanta ke da gishiri da wadda ke da zurfin gaba talatin. Nakan rufe ido in bi shi.

Sai na bayyana muku al'adar matafiyan, domin ta soma ɓacewa. Mai tafiyar ƙasa da jaki ɗaya ba ya iya ɗaukar kayan sanyi da na zafi gaba ɗaya. Yana barin gida a bakin sanyi da gwado mai kauri, da jabba, da hular haɓar-kada mai rufe kunne. Amma lokacin dawowa ƙasa ta yi wuta, rijiyoyi da yawa sun ƙafe, wurin da gwado ya tare a bayan jaki salkar ruwa ce ya kamata ta zauna. Ba a kuma fita da salka tun kaka, don in ta yi watanni ba ruwa sai ta bushe ta tsage. Saboda haka a tsakiyar tafiya ake musanya. Daga gida a aika wa mutum da salka biyu sababbi, da malfa, da 'yar shara, da faɗe mai faɗi na taka yashi mai zafi, shi kuma ya ba ɗan aiken gwadonsa da jabbarsa a kawo gida. Dukan wahalar tana ga sanin ranar. In an makara, mutum ya shiga ƙishirwa da bargo a hannu. In an yi gaggawa, sanyi ya same shi a tsirara. Ga mata kuwa, dawowar gwado ita ce wasiƙar shekara. In ya iso, an san mai shi ya ci sanyi lafiya, ya kusa juyo fuska gida. Ba a wanke shi ranar. A shanya shi a tsakar gida, maƙwabta su shigo suna barka, a dafa wake da gero a raba.

Mahaifina, wanda kuka ji ana ce wa Baba Malam, shi ke fitar wa fataken unguwarmu ranar. Yana da takardun lissafin taurari da ya kwafo a Sakkwato tun yana saurayi, da jadawalin watannin rana, waɗanda ba sa yawo cikin shekara kamar watanninmu. Ba shi da ɗa namiji da ya rayu, sai ya zaunar da ni ya koya mini. Na yi sauka, na karanta abin da ya sauƙaƙa na fiƙihu, amma lissafin nan shi na fi so, don sunayen taurari suna yi mini daɗi a baki, har nakan jera su ina raira su a hankali ina kaɗi. Abu biyu ya fi nanata mini. Na farko dare arba'in, wato tsakiyar sanyi. Na biyu kwana bakwai da takardun ke kira kwanakin tsohuwa. Bayan dare arba'in sun fita, gari yakan yi ɗumi har mutane su saki jiki, sannan bayan makonni sanyi ya waiwayo na kwana bakwai. A Illela ba wani abu ba ne, mutum ya ƙara zane ɗaya. Amma a cikin duwatsun arewa, inji Baba, ruwa yakan daskare a ƙoƙo. Dokarsa ita ce kada kayan zafi su isa hannun matafiyi sai tsohuwa ta wuce.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce ta biyu da aurenmu, kuma ita ce shekarar da Turawa suka zo suka kakkafa alamu tsakaninmu da Ƙonni, suka ce daga nan zuwa can na Ingilishi ne, daga can kuma na Faransa. Inna ta yi kwanaki tana mita, don ƙanwarta na aure a Ƙonni.

"To ni yanzu mi za ni ce ma Hajo? In ce mata baƙuwa? Tuwonmu guda, rijiyarmu guda, an zo an kahwa dutsi an ce ita wata iri ta!"

A cikin wannan shekarar ne idon Baba ya rufe sarai. Gidanmu da nasa danga ɗaya ce ta raba, akwai 'yar kafa da nake bi. Kowace safiya nakan je in zauna gefen buzunsa in karanta masa jadawalin, shi kuma ya yi ƙidaya da yatsu. Mutane suna zuwa wurinsa kamar da, amma kowa ya san idon da ke duba takardar nawa ne. Babanku kuwa, tun kafin ya tafi, ya riga ya laƙaba mini suna. Ranar tashinsa, yana ɗaure gwadon a bayan jaki, ya dube ni yana murmushi.

"Malama, ga raina nan na bar miki cikin takarda. Ki duba shi da kyau."

"Baba na nan," na ce, "ba ni ka hidda rana ba."

"Baba na da ƙidaya, ke ad da ido. In kin ce ajiye, in ajiye."

Gwadon ni na saƙa shi. Na kaɗa zaren da hannuna a damina, na saƙa fari da ratsin baƙi, kuma in kun duba gefe ɗaya za ku ga ratsin da ya karkace. A nan ne hankalina ya tafi wani wuri ina saƙa, ban farga ba sai da na yi nisa. Na so in warware, ya hana, ya ce da wannan zai riƙa gane nasa a masauki.

Bayan tafiyarsa da 'yan makonni na gane ina da ciki. Kai ne, babban. Ban gaya wa kowa ba, ko da yake Inna ta gane, don ta daina bari in ɗauki tulu. Ban san yadda zan kwatanta muku sanyin wannan shekara ba. A shekarar farko ma ya yi tafiya, na kuma jure, ina amarya ina jin kunyar a ga kewa a fuskata. Amma a wannan karon komai na gidan sai ya riƙa tuna mini da shi. Turken jakin da babu jaki. Ƙoƙon da yake shan fura, wanda Inna ta kife a kan rumbu. In an ɗaga labule da safe hasken ya faɗo daidai inda yake zama ya sa takalmi. Nakan tsaya da tsintsiya a hannu in lissafa inda ya kai: yau yana rijiyar da ke da itacen aduwa guda, gobe zai kwana inda ya ce duwatsu baƙaƙe ne kamar an ƙona su. Sai Inna ta yi gyaran murya.

"Ke ɗiyam Malam, tsakar gidan ga ba ta share kanta."

Ga kuma maganganu a kasuwa. Yau a ce an hana wucewa sai da takarda, gobe a ce ana tare raƙuman mutane a Tawa. Babu wanda ya san gaskiya, kuma babu labarin da ya zo daga babanku. Na fara jin cewa in dai na ga gwadon nan a igiya, na sa fuskata a cikinsa na ji ƙanshin hayaƙi da na jikinsa, to zan iya numfashi har ƙasan ƙirjina.

Mai kai mana kaya wani Ba'azbine ne, Agali, dattijo mai raƙuma huɗu da ke kai da kawowa tsakanin kasuwarmu da Agadas. Tafiyarsa kusan kwana ashirin ce zuwa, ashirin dawowa. Ya iso Illela kwana biyu bayan fitar dare arba'in. Gari ya yi ɗumi a makon, ruwan randa ya daina cizon haƙori. Da hantsi ya yi sallama a zaure, Inna ta fita, ni kuma na tsaya bayan zana ina ji.

"Jibi za ni tashi," inji shi. "In kayan Dogo sun shirya, a ba ni. In ba su shirya ba, ƙanena na biye da ni, bayan kwana ashirin shi ma zai hau."

"Wanne ya hi?" Inna ta tambaya.

"Ni raƙumi na sani, Inna. Ku ad da malamai."

"Ƙanen naka tabbas zai tahi? Ka ji abin da aka cewa na hanya."

"In Allah ya so. Hanya dai yau ta Turawa ta, gobe ma ta Turawa ta."

Inna ta shigo ta same ni na riga na koma bakin murhu kamar ban ji komai ba. Ta ce in je in duba takarda in gaya mata. Na bi ta kafar danga, na sami Baba yana shan hantsi. Ban gaya masa Agali ya zo ba. Na buɗe jadawalin kawai na karanta masa kamar kullum.

"Mi kinka gani, Saude?"

"Dare arba'in sun hita, Baba. Gari ma ya yi ɗumi."

"Ɗumin ga na yaudara na. Tsohuwa na nan tahe. Ƙidaya min, in anka tashi yau, yaushe a ka isa Agadas?"

Na ƙidaya. Wanda ya tashi a makon nan zai isa saura kwana goma sha wani abu tsohuwa ta shigo. Wanda ya tashi bayan kwana ashirin zai isa tana fita. Lissafin a fili yake, ko yaro zai gane. Na faɗa masa daidai.

"To kin gani. Kowa yaz zaka tambaya, a ce mai shi dakata."

Na rufe takardun na sa su a gafaka. Tsakanin buzun Baba da ɗakin Inna bai fi taku talatin ba, kuma a cikin takun nan talatin na yi abin da na yi. Na gaya wa kaina cewa bana sanyin bai yi tsanani ba. Na gaya wa kaina ƙanen Agali zai iya fasawa, ko a tare shi a hanya, babanku ya rasa salka, wanda ya fi muni. Na ce ai a wannan lokacin ya gama hawa duwatsu yana cikin gari a masauki. Duk waɗannan maganganu suna da ƙamshin gaskiya, shi ya sa suka shige ni. Amma ina rubuta muku ne don kada in sake ɓuya a bayansu. Abin da ke ƙasa shi ne, in na ba Agali, gwado zai zo bayan kwana arba'in. In na jira ƙanensa, sai bayan sittin. Kwana ashirin ne na kasa jira.

"Mi takarda tac ce?" Inna ta tambaye ni.

"A ba Agali," na ce.

Ba ta ƙara tambaya ba. Inna ba ta karatu, kuma tana girmama takarda kamar yadda take girmama liman. Muka shafa wa salkunan mai, muka naɗe 'yar shara a cikin malfa. Na yanki 'yar takarda na rubuta masa da ajami, manya-manyan baƙaƙe, don yana karatu a hankali ne da yatsa. Na rubuta gaisuwa, na rubuta cewa sanyi ya wuce, ya aiko da gwado. Na so in tsaya a nan. Amma alƙalamin yana da sauran tawada, sai na ƙara layi ɗaya a ƙasa: ɗaki ya yi mini faɗi. Na linke ta na cusa a cikin faɗen.

Sai bayan kwana uku da tashin Agali na gaya wa Baba, lokacin da babu mai iya cim ma raƙuma. Bai ɗaga murya ba. Ya ɗaga yatsunsa ya sake ƙidayar da muka riga muka yi, ya kai ƙarshe, ya sake farawa. Sannan ya sauke hannun a gwiwa.

"Allah shi kiyaye shi," ya ce. Ranar bai ce in karanta masa komai ba.

Tsohuwa ta shigo a ranar da takarda ta ce. A Illela iska ce kawai mai ɗan kaifi da safe. Inna ta jawo zane ta rufa tana cewa wannan sanyi bai da kunya. Ni kuwa kwana bakwai ɗin nan ban iya haɗiye tuwo ba. Duk da haka, ku ji yadda zuciya take: ranar da Agali ya dawo, aka shigo da ƙunshin, na kwance na ga ratsin nan da ya karkace, na manta da komai. Na rungume shi. Hayaƙin itacen da ba irin namu ba, da ƙurar gishiri, da shi kansa, duk suna ciki. A kusurwa ɗaya ya ƙulle dabino bakwai. Muka shanya, mata suka shigo, gwadonmu ne na farko a unguwa, har wata ta ce Dogo ko a wannan ma ya riga kowa. Na yi dariya tare da su. Sai da la'asar na ji Agali yana gaya wa Inna a zaure cewa ya sami babanku lafiya a Agadas, amma da sauran hawa ɗaya a gabansa, don mutanen wani ƙauye a can saman duwatsu ba su gama tara masa dabino ba. Agali ya ce ya ma ce masa ya riƙe gwadon, a kawo daga baya. Dogo ya karanta takarda, ya daɗe yana kallonta, sannan ya kwance gwadon da hannunsa ya miƙa.

Na shiga na kwashe gwadon daga igiya tun rana ba ta faɗi ba.

Gwadunan sauran mata suka yi ta isowa, kowanne a lokacinsa. Mazansu suka biyo baya. Hadari ya haɗu, aka yi ruwan shuka, babu shi. Sai da gero ya kai idon sawu, wata ranar kasuwa da azahar, muka ji raƙumi yana gurnani a ƙofar gida. Na leƙa ta zana. A kan raƙumin ƙanen Agali aka kawo shi, an ɗaure shi da rawani a jikin sirdi don kada ya faɗo. Mutumin da ya ce wanda ya hau bai je ko'ina ba. Da aka sauke shi bai dubi kowa ba, ƙasa yake kallo, kuma na san kunya ce ta fi ciwon yi masa nauyi. Daga baya muka ji sauran. Sanyin ya same shi tsakanin ƙauyuka biyu, kwana huɗu babu gida babu itacen kirki, daga shi sai 'yar shara da buhun da ya yaye wa jaki. Ya kai ƙauyen da zazzaɓi da ciwon haƙarƙari, ya kwanta wata biyu a hannun mutanen da ko harshensu bai gama ji ba.

Inna ta dube shi ta dubi ramarsa, ta ce wannan ba ciwon Allah da Annabi ba ne, iskokin duwatsu ne. Aka yi turare, aka yi rubutu. Baba da kansa ya yi masa addu'a, bai ce uffan ba game da lissafi. Shi ma babanku bai ce ba. Ya warke har ya tashi, amma ƙirjin bai koma ba. Da kaka ta zo ya ɗaure wa sabon jaki kaya, ya fita da fatake, bai kai Ƙonni ba numfashi ya gagara, aka dawo da shi. Ya sake gwadawa shekara mai zuwa. Daga nan ya sayar da jakin ya sayi kaba.

Na so in mayar wa Baba takardunsa, na ce a nemi wani almajirinsa ya riƙa dubawa. Ya laluba ya turo mini gafakar.

"Riƙe. Duk garin ga yanzu ba wanda yas san nauyin kwana kamarki."

Haka na ci gaba da fitar da rana shekara da shekaru, ban kuma sake rage ko ɗaya ba. Na sami abin da na roƙa. Ɗaki bai ƙara yi mini faɗi ba, yana nan rani da damina, na haife ku duka yana gida. Amma duk ƙarshen kaka, in fatake suka taru a bakin gari, yakan fito da malfunansa ya zauna inda zai gan su. Samari su durƙusa su tambaye shi hanya, ya jera musu rijiyoyin nan da sunayensu, ya ce kada su sha ta uku sai sun bar ta ta kwanta. In sun tashi ya bi su da ido har su shige, yatsun ƙafarsa suna motsi a cikin ƙasa shi bai sani ba. Ni na sani, don ina bayan zana. Kewar da na yi ta kwana ashirin, shi ya yi ta shekara ashirin da biyu, a gabana, ina kai masa fura.

A sanyinsa na ƙarshe ne na gaya masa. Da hantsi ne, kuna lambu ku maza, yana zaune a tsakar gida ya lulluɓa da gwadon yana gyara bakin wata malfa. Na zauna nesa kaɗan na faɗi komai, da lissafin, da maganar Baba, da taku talatin. Ban ɗaga kai ba sai da na gama. Ya yi tari, ya huta, sai na ji yana dariya a hankali.

"Malama, sau tara ina bin hanyag ga kahin in aure ki. Kina zaton ban san tsohuwa ba? Ko jakina ya san ta."

"To don mi kab ba da shi?"

"Na karanta na sama, na ce Malama ta yi kure. Sannan na karanta na ƙasa." Ya ja gwadon ya rufe kafaɗa. "Ban iya rubutu ba. Mi za ni aiko miki in ba shi ba?"

Na ce da ya riƙe, da na yi fushin mako guda na huce.

"Da na riƙe," ya ce. "Na yi zaton ina hin sanyi sauri. Kin yi naki, na yi nawa. Miƙo min wuƙar can."

Na miƙa masa. Bai sake tayar da maganar ba, kuma kafin ruwan shuka ya rasu. Takardar da na aika masa tana cikin layar da ke wuyansa, wadda duk kuka ɗauka ta maganin tari ce. Ni na kwance ta, na gane hannuna na ƙuruciya.

To kun ji. Kada ku sake cewa iskoki, kuma in wani ya ce muku babanku mai saƙar malfa ne, ku ce haka ne, amma ku ƙara da cewa ya taka Agadas da ƙafarsa sau goma sha ɗaya. Ban rubuta don ku yanke mini hukunci ko ku wanke ni ba, wannan yana wurin Wanda ya san abin da ke cikin taku talatin. Allah Ya gafarta wa Baba da Inna da Agali, Ya yalwata wa babanku makwancinsa.

Ranar da nake shanya gwadon kuwa, ku ƙidaya kwana ashirin daga fitar kwanakin tsohuwa, za ku same ta. Ita ce ranar da ya kamata gwadon ya iso.